Rubutun Bayan Kwalba: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar NAFDAC

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa,
Abuja.

Ranki ya daɗe,

 Na rubuto miki ne a kan ɗan rubutun nan da ke bayan kwalbar man shafawa, wanda sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya gan shi. Duk lokacin da jami'an hukumarki suka yi magana a rediyo ko talabijin game da kayan shafa, da shawara ɗaya suke rufewa: a duba lambar NAFDAC, a karanta abin da aka rubuta a jikin kaya kafin a saya. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake ba 'ya'yana da ɗalibaina. Amma ina so ki san abin da ke faruwa idan mace ta ɗauki wannan shawara ta shiga da ita layin masu kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ko dai ta tarar da rubutun da ba ta iya karantawa, ko ta tarar babu rubutun sam, ko kuma ta karanta shi tsaf alhali ƙarya yake yi mata. Na yi wasiƙar da Hausa ne domin matan da nake magana a kansu su ji abin da aka faɗa da yawunsu. Na san a cikin ma'aikatanki ba a rasa wanda zai juya miki ita ba.

Ba zan ce hukumarki ta yi barci ba. A watan Fabrairun 2023, a taron wayar da kan 'yan jarida da aka yi a nan Kano, NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa a ƙasa baki ɗaya. An kawo ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mai cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, adadin da ya zarce na Togo mai kashi 59, da Afirka ta Kudu mai 35, da Senegal mai 27. Dokarku ta 2019 ta haramta sa makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma ce haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Doka tana nan, gargaɗi yana nan. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin takardar doka da hannun mai saye, kuma wannan tazarar rubutun bayan kwalba ne kaɗai zai iya cike ta.

Akwai abin da nake ganin ana yawan tsallakewa in ana wannan zance. Da yawa daga cikin matan da fatarsu ta lalace ba su fita gida da niyyar canza launinsu ba. Hunturu ne ya shigo, jiki ya yi furu-furu, ƙafa ta yi faso, ta je neman mai mai laushi. Wata ƙurajen fuska ne suka dame ta, wata tabon da suka bari, wata kuwa amarya ce aka kawo mata akwatin kayan shafa a cikin lefe, dangin ango ne suka zaɓo, su ma mai kanti ne ya zaɓar musu. Ta shafa, cikin mako biyu fuska ta yi fes, ƙawaye suka fara tambayar sunan man. Ba ta san ta shiga bilicin ba sai ranar da ta daina, fuskar ta yi ja, ta hau ƙaiƙayi da zafi, ta koma da gudu ta sayo wani. Malamanmu suna wa'azi a kan canza halittar Allah, kuma wa'azin yana da muhallinsa. Sai dai wadda aka sayar wa guba da sunan man hunturu ba wa'azi ta rasa ba, bayani aka hana ta.

Tunda wasiƙar buɗaɗɗiya ce, kuma mutane da yawa za su karanta ta kafin ta iso teburinki, ki ba ni dama in faɗi abin da rubutun nan yake nufi ga wanda ya san kansa. Jerin sinadaran da ke bayan kwalba yana bin wani tsarin suna na duniya da ake kira INCI, wanda masana'antun kayan kwalliya na Amurka suka faro a shekarun 1970, daga baya ƙasashe da dama suka runguma. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abin da ya fi yawa a cikin man shi ake fara rubutawa, sai mai bi masa, har a gangaro kan waɗanda ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Shi ya sa galibin mayuka suke farawa da Aqua, wato ruwa. Sunaye biyar ko shida na farko su ne ainihin abin da mutum ya saya da kuɗinsa. Idan gaban kwalba ya cika da hoton karas ko gwanda ko zuma, amma sunan abin yana can ƙarshen jeri bayan turare da sinadarin hana lalacewa, to ɗigo ne aka sa domin a samu hujjar buga hoton.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kayan da ke cikin mayuka masu kyau da yawansu namu ne, daga dajinmu da gonakinmu suka fita, amma sun dawo mana da sunan da ba mu gane su. Butyrospermum Parkii Butter man kaɗe ne. Adansonia Digitata kuka ce. Moringa Oleifera zogale ne, Sesamum Indicum riɗi, Arachis Hypogaea gyaɗa, Lawsonia Inermis lalle, Mel kuwa zuma. Petrolatum shi ne basilin ɗin da muka tashi da shi, Glycerin kuma shi ke riƙe danshi a fata. Matar da ta yi shekaru tana tsintar ƙwaran kaɗanya tana dafa mai ba za ta gane nata man a jikin kwalba ba, balle ta gane guba. Ga mai saye, dogon sunan man kaɗe da dogon sunan sitiroyid duk ɗaya ne, baƙaƙe ne na Turawa. Ke masaniyar haɗa magunguna ce, ranki ya daɗe, kallo ɗaya za ki yi ki rarrabe su. Mu kuwa har masu digiri a cikinmu sai sun tambaya.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wahala in an koya wa mutum sau ɗaya: sunan kamfani da cikakken adireshinsa, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi da ranar lalacewa. Wasu kwalaben suna ɗauke da ɗan hoton gwangwani a buɗe da rubutu kamar 12M, ma'ana wata goma sha biyu bayan buɗewa. Kalmar Parfum ko Fragrance kuma rumfa ce da sinadaran ƙamshi da yawa ke fakewa a ƙarƙashinta, kuma su ne kan gaba wajen jawo wa masu fata mai saurin ɓaci ƙaiƙayi da borin jini. Duk sabon mai, kamata ya yi a ɗan shafa shi a cikin dantse na 'yan kwanaki a ga yadda fata za ta karɓe shi kafin a kai shi fuska.

Sai sunayen da ya kamata kowa ya haddace domin ya guje su. Na farko makuri, wanda iyayenmu suka sani da zaiba. A jikin kwalba yakan zo da Mercury, ko Mercurous Chloride, ko Calomel, ko Mercuric, ko Mercurio. Aikinsa shi ne ya toshe hanyar da fata ke bi ta samar da melanin, sinadarin da ke ba ta launi, shi ya sa yake haskakawa da sauri, kuma yana da arha. Duniya ta ga sharrin zaiba ƙarara a 1956, lokacin da aka gano cutar da ta nakasa mutanen garin Minamata na Japan bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da ita a tekun da suke kamun kifi. Da sunan garin aka sa wa yarjejeniyar 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. Da farko yarjejeniyar ta ƙayyade kada zaiba ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan a kayan shafa, sannan a taron Janiba na 2023 aka amince a hana sa ta kwata-kwata daga 2025. Duk da haka, gwaje-gwajen da ƙungiyoyin sa ido suka yi a kasuwannin Afirka da Asiya sun sha gano mayukan da suka ninka waccan ƙa'ida sau dubbai.

Zaiba ba ta tsayawa a fata. Tana ratsawa ta shiga jini, ta taru a ƙoda har ƙodar ta fara zubar da abin da ya kamata ta riƙe, jiki ya kumbura. Tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ta kawo karkarwar hannu, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi. Tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, tana fita a ruwan nono. Kuma ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba: tana maƙalewa a tawul da zanin gado da matashin kai, tururinta yana cika ɗaki, miji da yara su shaƙa. A gidajenmu da uwa ke goya jariri fata da fata tun safe har dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu haidirokwinon, wanda ake rubutawa Hydroquinone. Magani ne na gaske, likitocin fata suna ba da shi ga masu baƙin tabo na ɗan lokaci ƙayyadadde, a wurin tabon kaɗai. Matsalar ita ce shafa shi a jiki duka, shekara da shekaru, a ƙarƙashin rana irin tamu. Ƙarshensa fatar da aka so ta yi haske sai ta yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da bayan wuya, mai kaushi, wanda magani ba ya cika fitar da shi. Duk wanda ke zuwa gidan biki ya san irin wannan fuska, ya san hodar da ake lafta mata. Tarayyar Turai ta fitar da shi daga mayukan kwalliya tun 2001, Amurka ta hana sayar da shi ba da takardar likita ba a 2020. A nahiyarmu ma Kwaddibuwa a 2015, da Gana a 2016, da Ruwanda a 2018 duk sun ɗauki matakan hani a kan mayukan bilicin. Ra'ayina shi ne kashi 2 ɗin da muka bari ƙofa ce da ya kamata a rufe, domin mai saye ba ta da ma'aunin da za ta bambance kashi 2 da kashi 8, kuma mai son zuciya ya san haka.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, domin a kansa ne shawarar duba lamba take juyewa ta cuci mai binta. Ina nufin ƙananan mayukan nan na cikin tub, masu haɗin magani uku, da ake samu a kowane kemis da teburin mai kayan koli. A cikinsu akwai maganin ƙwayoyin cuta, da maganin makero, da kuma sitiroyid, wanda ake rubutawa Clobetasol ko Betamethasone. Da yawansu suna ɗauke da lambar NAFDAC ta gaskiya, domin an yi musu rajista a matsayin magani, na shafawa a ɗan wuri na 'yan kwanaki. Amma mace ta juya kwali, ta ga lambarku, hankalinta ya kwanta, ta matse tub uku ko huɗu a cikin babbar robar manta ta gauraya, ta shafe jiki da shi safe da yamma har shekara. A fahimtarta hukuma ta sa hannu. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa lambar tana nufin an yarda da abin a matsayin magani ne kawai, ba a matsayin man shafawa ba.

Clobetasol yana cikin sitiroyid mafiya ƙarfi da ake shafawa a fata. In aka daɗe a kansa, fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa mai faɗi ta tsattsage cinya da dantse da ƙirji, ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuska, makero da ƙyasbi su samu wurin zama domin garkuwar fatar ta karye. Wanda ya ratsa cikin jini kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya kumbura fuska, ya kashe wa jiki ƙarfin samar da nasa sinadarin na halitta. Ma'aikatan ɗakin tiyata suna kokawa da irin wannan fata, domin ɗinki ba ya kama ta da kyau kuma ciwo yana daɗewa bai warke ba. Ki duba yawan matan da haihuwa ke kaiwa ga tiyata, ki ga inda abin ya dosa.

Abin bai tsaya kan manya ba. Iyaye mata suna shafa wa jarirai irin wannan tub ɗin don zafin kunzugu ko ƙurajen zafi, wata ta gaya wa wata, alhali fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotse magani. Wasu kuma da gangan suke yi don yaro ya yi haske. A 2025 BBC ta kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida mayukan bilicin saboda matsin dangi masu fifita farin jika, yaran suka ƙare da ƙuna da tabo. Na ji mutane suna tsine mata. Ni dai abin da na tambayi kaina shi ne, wa ya haɗa mata man, kuma me aka rubuta a jikin robar?

Amsar ita ce, galibi babu komai a jiki. Wannan ita ce sana'ar da ta fi bunƙasa yanzu: haɗin mai. A kasuwa za ki ga mai kanti da manyan robobi da ludayi, mace ta faɗi irin hasken da take so, ya ɗebo nan ya matso can, ya zuba wani ruwa daga kwalbar da ba ta da suna, ya juya ya miƙa mata. A Instagram da TikTok da WhatsApp kuma ga masu sayar da abin da suke kira oganik, cikin roba mai kyau da ɗan lika mai ɗauke da sunan mai kaya da lambar waya kawai. Kalmar oganik ta zama lasisi. Mace ta ji ta, sai ta ɗauka kurkur ne da zuma da madara, irin su dilka da halawa da ta sani a wurin masu gyaran jiki. Amma babu wani ganye ko saiwa da ke mayar da baƙar mace fara cikin kwana bakwai. Duk man da ya yi haka, akwai ɗaya daga cikin ukun can a cikinsa, ko ma duka. Wasu masu haɗin su kansu ba su san abin da ke cikin farin kirim ɗin da suke sarowa a bokiti ba, kuma hannuwansu ne ke fara nuna alama.

Sai rubutun da ke ƙarya. Wanda ya zuba zaiba a mai ba zai rubuta sunanta ba, ya san haramun ce. A 2019 a birnin Sakaramento na Amurka an kwantar da wata mata a asibiti, ta kai ba ta iya magana ko kula da kanta, saboda man fuska da aka sayo mata daga Meziko. Da aka gwada man, an samu zaiba ninki dubu goma sha biyu na abin da doka ta yarda, kuma jikin kwalbar bai ambaci komai ba. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji birjik, me ake tsammani a kasuwar da kaya ke shigowa ta Kwatano da sauran iyakoki, wasu da rubutun Faransanci, wasu da Larabci ko Urdu ko Sinanci, wasu kuma da lambar NAFDAC da aka buga a shagon ɗab'i na bayan layi? Karatun mai saye, komai zurfinsa, ba ya kama irin wannan. Na'ura ce kaɗai ke kama shi, kuma na'urar tana hannunku.

Abin da ake kankarewa da waɗannan mayuka garkuwa ce. Melanin shi ke tare wa fata zafin hasken rana mai ƙona ƙwayoyin halitta. 'Yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka haifa ba su da isasshensa, su ne shaida: sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su da ƙuruciya a wannan nahiya. Ana sayar wa mata abin da zai cire musu wannan kariya, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ba tare da ko layi ɗaya na gargaɗi a harshen da suke ji ba.

Kafin in zo kan roƙona, akwai kaya biyu da ba a taɓa ganin rubutu a jikinsu ba kuma suna kowane gida. Kwalli na dutse sau da yawa dalma ce: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka gano kwallin da ake sa masa ya haura kashi 80 cikin ɗari dalma. Mu da muka ga yadda dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu raina wannan ba. Sai baƙin lalle na dayis da ake yi wa amare da yara ranar sallah, wanda ke ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Ba don fata aka yi shi ba, kuma yana tayar wa wasu da bororo a daidai zanen.

To, ranki ya daɗe, ga abin da nake roƙo. A wajabta wa duk mai sayar da man shafawa a ƙasar nan ya sa ɗan akwatin gargaɗi a gaban kwalba, da manyan baƙaƙe, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, ba Turanci kaɗai ba. Ba cewa na yi a fassara jerin sinadarai duka ba. Layi biyu sun isa: ko akwai sinadarin ƙara haske a ciki, da kuma wanda bai kamata ya shafa ba, kamar mai ciki da mai shayarwa da yaro. A Arewa a ƙara da ajami, domin akwai dubban mata da ba su yi boko ba amma suna karanta shi sarai. Ga wadda ba ta karanta ko ɗaya kuma, a yi mata alama. Hukumarki ta riga ta san wannan hanya: hoton idon nan da ke jikin buhun sukari da fulawa da galan ɗin man girki, mai nuna an ƙara sinadarin bitamin A, ba ya buƙatar karatu. A yi irinsa guda biyu, ɗaya na man da aka gwada aka tabbatar babu sinadarin bilicin a ciki, ɗaya na wanda yake magani ne.

Wannan alama ta biyu ita ce mafi gaggawa. Kowane tub mai sitiroyid ya fito da jan layi da rubutu ƙarara cewa wannan magani ne, ba man shafawa ba ne, kada a wuce kwanakin da likita ya faɗa, kada a gauraya da mai, kada a shafa wa jariri. A haɗa hannu da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wadda ke ba masu kemis lasisi, a fitar da masu ƙarfin cikinsu daga teburin 'yan koli da kantin kayan kwalliya. Ina kuma roƙon a sake duba ko akwai buƙatar barin haɗin magani ukun nan da yawa haka a kasuwa, tunda likitocin fata da kansu sun daɗe suna kuka da shi.

Game da masu haɗin mai, na san samame da ƙona kaya suna da amfani, amma in an rufe shago ɗaya yau, gobe sana'ar ta koma cikin gida da waya. A cikinsu akwai mugaye, akwai kuma mata masu neman halali da ke sarrafa man kaɗe da sabulun salo da gaskiya, waɗanda tsada da wahalar rajista suka sa suke sayarwa a ɓoye. A sauƙaƙa wa waɗannan, a koya musu rubuta abin da suka zuba bi da bi, a gwada kayansu da kuɗi kaɗan a ba su alama. Idan na gaskiya suka samu shaidar da za su nuna, robar da ba ta da rubutu za ta zama abin tuhuma da kanta, kuma sannan hukunci zai hau kan wanda ya cancanta.

Tun 2010 hukumarki ta kawo tsarin kankare kwalin magani a tura lamba ta waya a samu amsa ko na gaske ne. An fara gwada shi da wani maganin ciwon suga, daga baya aka kai shi ga maganin zazzaɓin cizon sauro, mutane kuma sun saba da shi. A faɗaɗa shi zuwa mayukan shafawa, amsar ta riƙa zuwa da harshen da mutum ya zaɓa, har da murya ga wanda ba ya karatu. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, a shekarunta na 2001 zuwa 2008, ta karya lagon masu jabun magani ne da abu biyu: ta fito da sunayen kayan jabu a fili, ta kuma shiga rediyo da harsunan mutane. Har yau rediyo ne ke shiga ɗakin matar aure a Arewa. A riƙa sayen mayuka a kasuwa kamar yadda kowa ke saye, a gwada, a karanta sunayen waɗanda suka faɗi a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, a lika hotunansu a ƙofar kasuwa da ɗakin awon ciki. Kasuwar Kano tana ciyar da Maraɗi da Damagaram, kuma rediyonmu ana jin sa a can, don haka amfanin ba zai tsaya a iyaka ba.

Kada kuma a manta da waɗanda abin ya riga ya ci. Wadda ta daɗe a kan sitiroyid ba a ce mata ta yar da shi dare ɗaya, domin fata za ta yi bore, wani lokaci jiki duka ya shiga haɗari. Janyewa ake yi a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Idan sanarwa ta tsaya a kan "ku daina" kawai, za ta daina na mako guda, ta ga fuskarta ta ɓaci, ta koma ta ƙara yawan man. Likitocin fata kaɗan ne, yawancinsu suna manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Shika. A nemi taimakonsu su tsara ɗan bayani mai sauƙi da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi za su riƙa bi, ba tare da gori ko kunyatarwa ba, domin kunya ce ke hana mata da yawa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. A kuma buɗe layin waya na kyauta da mace za ta kira ta faɗi da Hausa cewa mai kaza ya ƙona ta, a wuri kaza ta saya, a rubuta a bi sawu.

Na san canza dokar rubutun kwalba yana ɗaukar lokaci, sai an zauna da kamfanoni da lauyoyi. Amma gwajin kasuwa da sanar da sakamako ba sa jiran sabuwar doka, ikonsu yana hannunki yau. Cinikin man shafawa ya fi tashi da shigowar hunturu da kuma lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Ina roƙon ki ba ofishinku na Kano umarni ya gwada mayukan da aka fi saye a Sabon Gari, a karanta mana sakamakon da Hausa a rediyo, suna bayan suna, kafin sanyin bana ya sauka.

Allah ya yi miki jagora, ya ƙara lafiya.

Taki cikin girmamawa,
Wata uwa kuma malamar makaranta,
Kano.